Zare: Ulu, roba, kok ko fata, wace shimfiɗa za ka ɗora faifanka a kai?

1/ Masu garmahon zamani ku matso. Tun da faifai ya dawo yayi ake ta musu a kan shimfiɗar da ake ɗora shi a kai, wai wacce ta fi fitar da sauti. Ni dai ra'ayina, farantin injinka da iskar ɗakinka su ne za su zaɓa maka, tsadar shimfiɗa ba ta cikin lissafi. 🧵

2/ Don mu fahimci juna: faranti shi ne zagayayyen abin da ke juyawa, shimfiɗa kuma ita ce ke tsakaninsa da faifai. Bahaushe ya ga abin waƙa ya yi kama da faifan rufe ƙwarya, ya raɗa masa suna faifai. Yau ga mu muna neman wani faifan da za mu sa a ƙarƙashin faifai. 😂

3/ Allura ba ta san waƙa ba, girgiza kawai ta sani. Duk abin da ya motsa ta zai fito a sifika, ko muryar mawaƙi ce, ko rawar inji, ko amon faranti. Ita kanta tana girgiza faifan. Kashe sauti ka kasa kunne kusa da ita, za ka ji waƙar na fita siririya. Aikin shimfiɗa ta riƙe faifai kada ya zame, ta shanye wannan girgizar, ta kare cikinsa daga karcewa.

4/ Kafin ka sayi komai, cire shimfiɗar da ke kai, ka ƙwanƙwasa gefen farantin da farce. In ya yi "tiiin" kamar kwanon silba, yana buƙatar abu mai nauyi da zai danne amon. In ya yi "tuf" ya yi shiru, ka riga ka huta da rabin matsalar.

5/ Farantin ƙarfe roba yake so. Shi ya sa Technics SL-1200, wanda ya fara fitowa a 1972, aka yi masa MK2 a 1979, yake zuwa da roba mai kauri a kan farantin alminiyam. Ba ta da kyan gani, ba wanda zai ɗauke ta hoto ya sa a Instagram, amma tana aikinta. In taka ba ta bushe ta tsage ba, ka wanke ta da ruwa da ɗan sabulu ka mayar.

6/ Sai ulu, wanda nake da magana a kansa. Siririn ulun nan mai tambari da ke zuwa da injuna irin Audio-Technica AT-LP120, don DJ aka yi shi. Grandmaster Flash na Bronx a Amurka ake danganta wa dabarar tun shekarun 1970: ya riƙe faifai da yatsa, faranti ya ci gaba da juyawa a ƙarƙashi. Wato an yi shi ne don ya yi santsi. Kai da kake zaune kana sauraro, me za ka yi da santsi?

7/ Na san wani zai ce to ai Rega da Linn ma ulu suke sawa, kuma ba 'yan wasa ba ne. Gaskiya ne. Rega Planar 3 farantin gilashi gare shi da ulu a kai, haka aka tsara shi. Amma Rega a Ingila suke, Linn kuma a Glasgow, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Laima tana kwashe sitatik, wato ɗan shokin nan da kake ji in ka cire rigar sanyi.

8/ Yanzu kawo ulun nan Kano ko Zinder a Disamba da Janairu. Iska ta bushe ƙamas, ƙura ta cika ko'ina. Ka ɗaga faifai, shimfiɗa ta manne ta biyo shi, in ba ka yi sa'a ba ta faɗo ta kwashe allura. Ulun kuma yana tara ƙura, faifai mai sitatik yana zuƙe ta zuwa cikin layukansa. Wani ɓangare na ƙas-ƙas ɗin da kake ɗauka tsufan faifai ne, daga nan yake.

9/ Kuma abin ya wuce daɗin kunne. Ƙurar hunturu ba auduga ba ce, garin ƙasa ne, allura na bi ta kansa tana gurzar layi. Sabon faifai in ya lalace ka sake oda. Faifan Shata ko Ɗanmaraya Jos ko Fela da ka tsinto a adakar Baba fa, ina za ka samo wani?

10/ Kok ɓawon wani itace ne, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa. Ba ya manne wa faifai kamar ulu, ba ya riƙe ƙura sosai. Laifinsa ba shi da nauyi, kuma mai arha yana marmashewa. Wanda aka gauraya kok da roba shi na fi so a kan farantin ƙarfe.

11/ Fata ma tana yi, kuma ba sai an yi odar ta daga waje ba, baduku zai yanka maka. Faɗi kamar santimita 29, ramin tsakiya ɗan sama da milimita 7. Sharaɗi dai kaurinta ya zama ɗaya ko ta ina, ta kwanta lif, kuma babu mai ko rini da zai fita ya taɓa faifai.

12/ In farantinka na akirilik ne, ba ya buƙatar komai. Goge shi ka ɗora faifai.

13/ Ga abin da masu talla ba sa so a daɗe a kai: kauri. Ka cire roba mai milimita 5 ka sa kok mai milimita 2, faifai ya sauka ƙasa, yadda allura ke tsayawa a cikin layi ya canja. A hannu mai inci 9, kowace milimita 4 tana ba da kusan digiri 1. Da yawa cikin masu cewa "kai, sautin ya buɗe!" wannan canjin suke ji, suna yaba wa shimfiɗa.

14/ Technics yana da zobe a gindin hannun da za ka murɗa ka ɗaga ko ka sauke. Rega ba shi da shi, sai an yi masa ciko. Saboda haka mai Rega, ko kok za ka koma ko fata, nemi mai kauri daidai da ulun da ka cire. Bayan ka sa, duba daga gefe: hannun ya kwanta daidai da faifai, kada gindinsa ya yi sama ko ƙasa. Ka tabbata kuma ƙusar tsakiya ta leƙo sosai.

15/ Duba tsakiyar shimfiɗar ma. Wajen takardar faifai ya fi wajen waƙa kauri kaɗan. Shimfiɗa mai kyau tana da ɗan kwarmi a tsakiya da takardar za ta zauna, don wajen waƙar ya samu abin jingina.

16/ Don Allah kada ka yanko ledar tsakar ɗaki ko ta tebur ka ce ka yi dabara. Sinadarin da ke sa irin wannan ledar laushi yana fita ya kama faifai, ya bar masa hazo da shuu da ba ya wankuwa, zafi kuma yana hanzarta abin. Ka gama ji, mayar da faifai jakarsa, kada ya kwana a faranti.

17/ In kuɗinka kaɗan ne, shimfiɗa ce ta ƙarshe a layi. Fara da sabuwar allura, don tsohuwa yankar layi take yi. Sai ɗan sikelin auna nauyinta (AT-VM95E giram 2 take so, ka duba na taka), sai burushin share ƙura. Kowane ɗaya daga cikinsu ya fi canjin shimfiɗa tasiri nesa ba kusa ba.

18/ Wanda ya nace cewa shi yana jin bambanci, ga gwaji. Kira abokinka, ka juya baya, shi ya riƙa musanya shimfiɗu biyu masu kauri ɗaya. Waƙa ɗaya, ƙarfin sauti ɗaya, sau goma, kana rubuta wadda kake zato. Ku kawo mana sakamakon a nan ƙasa, har da sunan injin da irin farantinsa. 👇