Sanarwar Bayan Taron Iyayen Yara kan Zaɓen Kwamitocin Makarantu a Sabon Maci

Mu iyayen yara maza da mata, tare da wakilan kwamitocin kula da makarantu na ƙauyukan ƙaramar hukumar Sabon Maci, gundumar Dakoro, jihar Maradi, mun zauna kafin komawar yara lakwal domin duba sabunta shugabannin kwamitocinmu. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne batun waɗanda suka fara daga kwamitin makaranta, suka shiga siyasa, yanzu kuma suke neman dawowa.

Taron ya tuna cewa a 2005 aka shimfiɗa waɗannan kwamitoci na COGES a makarantun firamare na ƙasa, a 2012 aka mai da sunansu CGDES. Zaɓe ta ƙuri'ar sirri ya samo ƙarfi daga shirin da hukumar JICA ta Japan ta fara a jihar Tahoua a 2004, shekarar da aka zaɓi kansilolin ƙananan hukumomi a watan Yuli. Tun lokacin kujerar kwamiti da ta kansila suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, har zuwa zaɓen 13 ga Disamba 2020.

Taron bai ga laifi a wannan ba. Mutumin da ya bi gida gida yana karɓar tiyar hatsi don gyaran aji, ya sha rana wajen kafa rumfunan zana, ya san halin talakawa fiye da wanda aka aiko da sunansa daga birni. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka shigo da launin jam'iyya cikin kwamiti: rabin gari ya janye hannu daga karo-karo, iyaye mata su daina zuwa taro, malami ya rasa wanda zai kai wa kuka. Mahalarta da dama sun ce sun ga haka da idonsu, kuma ba su son a maimaita.

An rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024, an rusa jam'iyyu a Maris 2025. Zaɓen kwamitin makaranta yana cikin 'yan ƙuri'un da suka rage a hannun mutanen ƙauye, don haka dole a riƙe shi da daraja.

A kan haka taron ya amince cewa ba za a hana tsohon kansila ko tsohon ɗan takara tsayawa ba. Sai dai yawan zaɓen da ya ci a baya ba hujja ba ce. Duk wanda ya taɓa riƙe shugabanci ko ma'aji zai tsaya gaban babban taron gari da littafin lissafi, ya karanta abin da aka tara, kuɗi da hatsi, da inda kowace jika ta tafi. Zai faɗi abin da ya yi kan azuzuwan zana, domin ba mu manta da yaran da gobara ta cinye a wata makarantar Maradi a Nuwamba 2021 ba. Zai kuma faɗi inda ya tsaya lokacin da aka zo cire yarinya daga aji don aure, alhali tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati mai kare karatun 'ya mace.

Ba za a yi zaɓe ta ɗaga hannu ba, ko a gaban maigari. Mata za su jefa ƙuri'arsu da kansu. Wanda ya karɓi wani muƙamin hukuma bayan an zaɓe shi zai miƙa littafi da kuɗi ga mataimakinsa a gaban shaidu.

Muna roƙon masu unguwanni, limamai da shugabannin makarantu su karanta wannan sanarwa a masallatai da ranar kasuwa. Za a sake zama bayan kaka domin jin rahoton kowane ƙauye.

Shugaban taro
Magatakardar taro