Wa ya ba likita ikon cewa babu magani?

A watan Mayun 2024 wata mace 'yar ƙasar Holan mai suna Zoraya ter Beek ta rasu tana da shekara 29, da taimakon likita, kuma da yardar dokar ƙasarta. Ba ta da ciwon daji, ba ta da ciwon zuciya ko na ƙoda. Larurarta ita ce tsananin damuwa da fargaba da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa da ta daɗe tana fama da su. Ita ta nemi a kawo ƙarshen rayuwarta, aka shafe fiye da shekara uku ana duba buƙatar, daga bisani likitoci suka amince cewa babu sauran maganin da zai amfane ta.

Ba ita kaɗai ba ce. Holan ta halatta abin da ake kira kisan jinƙai tun 2002, shekarar da maƙwabciyarta Beljiyam ma ta yi tata dokar. A 2010 mutum biyu kacal aka yi wa shi a Holan saboda larurar ƙwaƙwalwa. A 2023 adadin ya kai 138, a 2024 ya kai 219. Doka ta ce sai majinyacin ya nema da kansa cikin natsuwa, sai wahalarsa ta wuce jurewa, sai an tabbatar babu alamar sauƙi nan gaba, kuma sai wani likita mai zaman kansa ya duba lamarin. Idan larurar ta ƙwaƙwalwa ce, ana buƙatar ra'ayin likitan ƙwaƙwalwa. Wato mutumin da aka horar domin ya hana mai damuwa halaka kansa, shi aka damƙa wa alƙalamin tantance wanda ya cancanci mutuwa.

Wannan aiki bai dace da shi ba, kuma dalilin na cikin likitancin ne kansa tun kafin a zo ga addini. Likitan ciwon daji zai iya ɗora hoton hanta a kan allo ya nuna inda cutar ta ci, ya ƙiyasta watannin da suka rage, kuma sau da yawa ƙiyasinsa ya zo kusa da gaskiya. Likitan ƙwaƙwalwa ba shi da wannan hoto. Babu gwajin jini ko na'urar da za ta nuna cewa damuwar wance ba za ta taɓa lafawa ba. Akwai waɗanda suka shekara goma a cikinta, aka sauya magani, ko rayuwa ta sauya musu, suka miƙe. Wanda ya rubuta “ba ta warkewa” a kan takardar matashiya mai shekara 29 hasashe ya yi, sannan ya sa wa hasashen tambarin asibiti.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, yanke ƙauna ɗaya ce daga alamomin cutar. Mai tsananin damuwa yakan ga kansa a matsayin kaya a wuyan danginsa, yakan ga gobe babu komai a cikinta, kuma yakan faɗi haka cikin tsararren zance mai kama da hujja. To yaya za a raba muryar mutum da muryar ciwonsa, alhali da baki ɗaya suke magana? Wani nazari da Scott Kim da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya bi takardun mutum 66 da aka yi wa kisan jinƙai a Holan saboda larurar ƙwaƙwalwa tsakanin 2011 da 2014. Kashi 70 cikin ɗari mata ne. Fiye da rabinsu sun ƙi karɓar wani ɓangare na maganin da aka ba su shawara. A kusan ɗaya bisa huɗu na shari'o'in kuwa, likitocin da suka duba ba su ma yi ittifaƙi a tsakaninsu ba, amma aka zartar. A Beljiyam sai da ta kai ga kotu: a farkon 2020 aka gurfanar da likitoci uku a birnin Gent, cikinsu har da likitar ƙwaƙwalwa, kan mutuwar Tine Nys mai shekara 38, kodayake kotu ta wanke su.

Masu goyon bayan tsarin ba mugaye ba ne, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Sukan ce azabar ƙwaƙwalwa ba ta gaza ta jiki zafi ba, wanda gaskiya ne. Sukan ce mafi yawan masu nema ana ƙin amsa musu, kuma wanda aka kora yana iya zuwa ya halaka kansa shi kaɗai cikin mummunan yanayi. Sai dai wannan hujja ta ƙarshe ita ce ainihin dalilin samuwar likitan ƙwaƙwalwa. Idan barazanar kashe kai ta zama dalilin taimaka wa mutum ya mutu, to me ya rage na aikin? Shi ya sa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta tsayar a 2016 cewa bai kamata ɗan ƙungiyar ya ba da abin da zai kashe wanda ba ciwon ajali ke gare shi ba. Kanada, wadda ta halatta mutuwa da taimakon likita tun 2016, ta yi ta ɗage ranar buɗe ƙofar ga masu larurar ƙwaƙwalwa zalla, har ta kai ta Maris ɗin 2027.

Nan ne mai karatu a Kano zai gyara zama ya ce Allah ya raba mu da Turawa da son zuciyarsu. Musulunci ya haramta kisan kai da taimakawa a kansa, dokar Najeriya ma haka, kuma babu wanda ke neman a sauya wannan. Amma laifi tudu ne. Hukuncin “babu magani” da ake jayayya a kansa a Holan ana yanke shi a ƙasar Hausa kullum, ba tare da likita ko takarda ba.

A ɗauki Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu a yammacin jihar Kano da ke ƙarƙashin masarauta guda kuma suke tura wakili guda Majalisar Wakilai. Ƙidayar 2006 ta ba su mutum kusan dubu 370 a haɗe. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya kuwa ba su kai 300 ba, ana yawan ambaton kimanin 250, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Likita ɗaya ke nan ga wajen mutum dubu 800. Ko da jama'ar Karaye da Rogo ta ƙaru da rabi tun wancan lokaci, lissafi bai ba su cikakken likita ɗaya ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su a manyan birane suke zaune. Manomin da matarsa ta daina ci da barci bayan haihuwa, ta soma cewa gara ta mutu ta huta, sai ya nemi kuɗin mota zuwa asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ya nufi Shika a Zariya in ta fi masa kusa, ya bar gona, ya sayi magani na watanni, ya kuma koma ganin likita. Da yawa sukan yi zuwa ɗaya su gaji. Mafi yawa ba sa zuwa sam, domin an riga an ce iska ce ko sammu.

Abin da ke biyo baya sananne ne. A yi ruƙiya, a yi hayaƙi, a sayar da akuya a kai wa mai magani. In abin ya ƙi, sai a ware ɗaki a bayan gida, ko a ɗaura mari a ƙafa. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma a ƙarshen shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a faɗin ƙasar, har a wasu cibiyoyin gwamnati. Dangin da suka kulle ɗansu galibi ba ƙiyayya ta sa su ba, gajiya ce da rashin wurin zuwa. Amma sakamakon ɗaya ne: an yanke cewa wannan mutum ba zai warke ba, an cire shi daga cikin mutane, ana jiran ajali. Bambancinsa da majinyacin Holan shi ne, wancan an gwada masa magunguna shekara da shekaru, shi kuwa wataƙila ko ƙwaya ɗaya ta gaskiya bai taɓa haɗiya ba.

Sai kuma doka ta zo ta ƙara gishiri a miki. Sashe na 231 na kundin final kod, wanda jihohin Arewa suka gada, ya tanadi ɗauri har na shekara ɗaya ko tara ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira. Kudu ma tana da makamancinsa a sashe na 327 na nata kundin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kawo haƙƙoƙi masu kyau a rubuce, amma ba ta goge wannan laifi ba. Don haka yarinyar da aka ceto bayan ta sha guba saboda auren da ba ta so, a idon doka mai laifi ce. Iyayenta za su ɓoye, su ce kuskure ne, ma'aikacin lafiya ya wanke mata ciki ya sallame ta ba tare da ya tambaye ta abin da ke damunta ba. Wanda ya taɓa yunƙuri kuwa shi ya fi kowa haɗarin sakewa.

Masu cewa goge sashen zai zama halatta haram su duba abin da malamai suka faɗa. Fiƙihu ya ɗauke hukunci daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, sun tafi a kan cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa sallar jana'iza. Kasancewar abu zunubi bai wajabta kurkuku ba. Gana ta soke irin wannan laifi a 2023, babbar kotun Kenya ta ayyana nata a matsayin saɓa wa tsarin mulki a Janairun 2025, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta buɗe ƙofar kisan jinƙai da yin haka.

Aikin likitan ƙwaƙwalwa a wuri irin Rogo ba zama a ofis yana jiran majinyata ba ne, domin ba za su iso ba. Najeriya ta taɓa nuna hanya: a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen gari tare da wani ɗan uwansu suna karɓar magani, kuma bai ƙyamaci yin aiki da masu maganin gargajiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 a kan tunani makamancin wannan, wato ƙwararre ɗaya ya horar da nas-nas da jami'an lafiya na matakin farko su gane tsananin damuwa, su ba da magani mai sauƙin kuɗi, su san wanda za su tura gaba. Limamin da ya san cewa mai faɗin “na gaji da duniya” yana iya zama mara lafiya ya fi allon talla goma amfani. Akwai kuma batun magungunan ƙwari da ke ajiye a kusan kowane gidan manomi: Sirilanka ta hana sayar da mafiya haɗari daga cikinsu, kisan kai ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari a cikin shekara ashirin, noma kuwa bai durƙushe ba.

Final kod dokar jiha ce, don haka Kano ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta gyara nata. Karaye tana da ɗan majalisar jiha, Rogo ma tana da nata, kuma kowannensu yana da ikon gabatar da ƙudirin da zai maye gurbin ɗaurin shekara ɗaya da umarnin kai mutum asibiti.