CACAR ƘWALLO: ƁARAWON DA YA TARE A ALJIHUN SAMARIN ƘARAYE DA ROGO

A shekarar 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. A wannan shekarar ce kuma Turawan Ingila suka buɗe gasar ƙwallonsu ta Firimiya. Yau, bayan sama da shekara 30, a tambayi saurayin Ƙaraye ko na Rogo wanne ya fi sani cikin biyun nan. Zai lissafo 'yan wasan Arsenal da na Chelsea har da na benci, ya faɗi nawa aka sayo kowa. A tambaye shi buhun taki nawa gonar mahaifinsa take ci, sai ya hau sosa ƙeya. Tir da wannan hali!

Da abin ya tsaya a kallo, da da sauƙi. Amma gidan kallo ya haifi ɗa, sunansa caca. An yi mata wanka, an sauya mata suna, an ce da ita hasashe ko buga tikiti, an saka ta cikin waya. Wanda a da zai ji kunyar a gan shi a gindin 'yan karta, yau yana zaune a teburin mai shayi, ko ma a harabar masallaci, yana zuba kuɗi a Bet9ja ko SportyBet, ba wanda ya sani. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ya kamata 'yan'uwa matasa su fahimci yadda tarkon yake aiki, domin lissafi ne ba tsafi ba. A ɗauki misalin wasan da ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya. Wani ya zuba naira 1,000 a wannan gefe, wani ya zuba naira 1,000 a wancan. Kamfani ya karɓi 2,000. Wanda ya ci ba za a ba shi 2,000 ba, sai abin da ya gaza haka, a ce 1,900. Ragowar ta kamfani ce, ko wa ya ci, ko wa ya faɗi. Haka abin yake a kowane wasa, kowace rana, a kan dubban mutane.

Sai kuma babban tarkon, wato jera wasanni da yawa a tikiti ɗaya, a ce da naira 100 za a ci dubban ɗaruruwa. Idan wasa goma ne, kuma kowanne rabi da rabi ne a dace ko a rasa, to damar a dace da dukkansu ita ce 1 cikin 1,024. Shi ya sa kullum kukan ɗaya ne: "Wasa ɗaya ne ya yanke mini!" Wannan wasa ɗayan da ke yankewa ba tsautsayi ba ne, shi ne jarin kamfanin. Shi ne kuma ke sa yaro ya koma gobe, yana ganin saura ƙiris.

To daga ina kuɗin suke fitowa? Ƙaraye da Rogo ƙasar noma ce. Daga Zarewa zuwa Fulatan, daga Yammedi zuwa Turawa, abin da ke shiga hannun saurayi gumi ne: ladan ƙwadago, kuɗin saran rake, cinikin buhun masara da kaka, abin da aka samo a acaɓa ko a cirani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya yi tashin gwauron zabo, har man da za a zuba wa injin ban ruwa. A irin wannan yanayi ne ɗan talaka zai miƙa wa mai POS kuɗin da ya sha rana ya samo, a tura wa kamfanin da bai san hanyar Rogo ba. Kuɗin sadaki ya tafi, kuɗin taki ya tafi, sannan bashi ya biyo baya, sannan a fara ɗibar hatsi a rumbun gida a ɓoye.

Masu kare abin suna cewa wai ba caca ba ce, ilimin ƙwallo ne. To ai Ivan Toney da Sandro Tonali sun fi kowane ɗan gidan kallo sanin ƙwallo, tunda su suke buga ta. A 2023 an dakatar da na farko wata 8, na biyu wata 10, saboda karya dokar caca. Su kansu masu gasar ta Firimiya, a watan Afrilun 2023, sun amince su cire tallan kamfanonin caca daga gaban rigunan 'yan wasa bayan kakar 2025/26. Birtaniya kuma ta hana yin caca da katin bashi tun 2020. Waɗanda suka ƙirƙiro abin suna ja da baya, ɗan Musulmi kuwa yana rungumarsa hannu bibbiyu!

Wasu kuma su ce ai wane ya ci, har ya sayi babur. Shin an ƙirga mutum nawa suka yi asara kafin a haɗa kuɗin babur ɗin? Kuɗin nasu ne aka tattara, kamfani ya ɗebi rabonsa, aka ba mutum ɗaya abin da ya rage domin ya zama talla. Wasu kuma su fake da rashin aikin yi. Gaskiya ne akwai rashin aiki, kuma mahukunta suna da alhaki a kai. Amma mai jin ƙishirwa ba ya maganinta da ruwan gishiri. Hukuncin abin kuma ba ɓoyayye ba ne. Duk ɗan Islamiyya ya san a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, an jera caca tare da giya, an kuma bayyana ƙiyayyar da take haddasawa da yadda take shagaltarwa daga salla. Wa bai ga an bar sallar Magariba ta wuce ana jiran minti 90 ya cika ba?

A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca kimanin 30 a birnin Kano. A watan Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin na jihohi ne. Madalla. Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin shago ana sa masa kwaɗo, waya kuwa fa? Babu dakaren da zai shiga aljihun kowa.

Saboda haka aikin ya dawo kan matasan da kansu. Wanda yake yi ya goge manhajar yau, ba sai gobe ba. Wanda ya san abokinsa yana yi ya ja shi gefe ya yi masa nasiha a asirce, ba tozarci a majalisa ba. Masu gidajen kallo su hana buga tikiti a rumfunansu. Samari goma da ke zubar da naira 500 kowane mako, in sun yi adashe da ita, a shekara sun tara naira 260,000. Wannan jari ne na noman rani, kuma ruwa yana nan kwance a Challawa. Mai son ƙwallo kuwa ya ɗaura takalmi ya shiga filin firamare ya buga, ya samu lafiyar jiki.

Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ganar da matasan Musulmi, Ya azurta su da halal, Ya kuɓutar da waɗanda suka riga suka faɗa. Amin.