Me Ya Sa Katun Ɗin Japan Yake Ƙwace Matasa?

Jama'a, duk wanda har yanzu yake ɗaukar anime a matsayin katun ɗin yara, labari ya wuce shi. Fim ɗin Demon Slayer: Mugen Train da ya fito a 2020 ya tara kusan dala miliyan 500, cikin finafinan da suka fito a shekarar babu wanda ya kai shi kawo kuɗi a duniya. Wasu suka ce ai korona ce ta rufe sinimomin Amurka. To a 2025 Infinity Castle ya fito ya zarce shi, ba korona ba dalilinta. Kamfanin Sony ma ba don wasa ya zuba sama da dala biliyan ɗaya a 2021 ya sayi manhajar Crunchyroll ba.

Mutane suna cewa zanen ne yake jan matasa, wasu su ce waƙoƙin ne (wanda ya ji Gurenge ta LiSA ya san ba ƙarya suka yi ba). Ni dai a ganina labarin ne, da irin gwajin da yake sha kafin ya iso allo.

Yawancin manyan anime daga manga suke farawa, wato labarin zane a takarda. Naruto da One Piece da Demon Slayer duk a mujallar Weekly Shonen Jump suka fito, babi ɗaya duk mako. Masu karatu suna zaɓar labaran da suka fi burge su, wanda ya daɗe a ƙasan jeri sai a datse shi, komai son da marubucinsa yake masa. Kun ga kafin a kashe ko sisi a kan fim, an riga an san labarin yana riƙe mutum. Eiichiro Oda ya fara One Piece a 1997, har yau ana bin sa, fitowar anime ɗin ta haura 1,000. Naruto kuwa maraya ne da garinsu ya tsangwama, ka bi shi fitowa 720 yana faɗuwa yana tashi. Wane matashi ne ba zai ga kansa a ciki ba?

Abin da yake ba ni takaici shi ne mu ma mun taɓa bin wannan hanyar. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama fim, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Yau ga marubuta birjik a WhatsApp da Wattpad, mata na biyan kuɗi suna jiran shafi na gaba, amma sau da yawa furodusa ya gwammace ya fara ɗaukar siris ɗinsa kafin a san inda labarin zai ƙare. Shi ya sa kake ganin an kai zango na biyar ana ta zagaye wuri ɗaya. Datar da za a kalli wannan da ita kuwa, ita ce dai za a sauke Jujutsu Kaisen da ita.

Sai dai fa iyaye su farka. Attack on Titan ba na ɗan firamare ba ne, ana cinye mutane ɗanye a ciki, wasu kuma akwai shigar da ba za ka so ƙanwarka ta gani ba. A gida kuwa da zarar an leƙa waya an ga zane ne, shi ke nan, sai a ce a ƙyale yaro yana kallon katun.