Ina Ungulayen Kafur Suka Tafi?

Jama'a, da na je hutu gida Kafur, sai na bi ta mahauta ran kasuwa. Muna yara, ungulaye kan cika wurin, har sai mahauci ya kore su da sanda. Ran nan ko ɗaya ban gani ba. Na tambayi wani dattijo, ya ce, “Ɗan nan, sai yau ka lura?” Kunya ta kama ni.

Mu 'yan boko mun ɗauki kallon tsuntsaye wasan Turawa marasa aikin yi. Wannan kuskure ne babba. Manomin ƙasarmu ya riga Bature wannan ilmi. In ya ga shamuwa ta sauka kan tsamiya, ya san damina ta ƙarato, sai ya gyara garmarsa. Ya san fara da tsutsa ne abincinta, don haka ba a taɓa sheƙarta. Ungulu kuwa ita ce duba-gari, tana kwashe mushe kafin ya zama cuta. Amma a 2015 masana na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu sayar da kanta ga 'yan tsubbu.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da dazuzzuka 10 gandun daji na ƙasa, ciki har da Dajin Kogo da ke wajen Faskari, da Falgore ta Kano. Madalla. To, amma takarda ba ta tsare daji. Wani zai ce, mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, ina ruwansu da tsuntsu? Gaskiya ne, rai ya fi kome. Sai dai mu tuna, dajin da hukuma ta yi watsi da shi, wanda ba mai shigarsa sai mai gatari da buhun gawayi, shi ne ya zama mafakar ɓarayi.

Saboda haka ga shawarata. Kowane ɗalibi in ya je hutu ya riƙe littafi, ya rubuta tsuntsayen garinsu da sunayensu na Hausa, ya tambayi maharba da tsofaffi wanne ya ɓace, kuma yaushe. Ku kuma ma'aikatan daji da na gona, ku hana sare kaɗanya da ɗorawa da kirya. Abin da ba mu ƙidaya ba, ba za mu san ranar da ya ƙare ba. Allah ya sa mu farga.