Takardun rububin zinariyar Kalifoniya: gwanjo na gaba da gidan tarihi

A 2020 bankin Wells Fargo, wanda aka kafa a 1852 ana tsakiyar rububin zinariya, ya rufe gidajen tarihinsa in ban da na San Faransisko. Ƙofofin da talaka ke ganin takardun wancan zamani kyauta sun ragu, kasuwar gwanjonsu kuwa tana ci.

Takardun dama ba su da yawa. Gobarar da ta yi ta cin San Faransisko tsakanin 1849 da 1851, da girgizar ƙasar 1906, sun lamushe da dama. Waɗanda suka tsira, wato rasit ɗin awon garin zinariya, da takardun aika kuɗi, da littattafan bashi na 'yan kasuwa, su ne shaidar wanda ya ci ribar rububin. Sau da yawa ba mahaƙi ba ne. Samuel Brannan ya kuɗance da sayar wa mahaƙa shebur da faranti, Levi Strauss kuma da hajar tufafi.

A ganina matsalar gwanjo ita ce rarrabawa. Rasit guda a bangon attajiri ado ne kawai. Sai an jera shi da 'yan uwansa mai bincike zai gane farashin fulawa a sansanin mahaƙa, da wanda bashi ya karya.