KUJERAR BAƘO A ƊAKIN TUƘIN JIRGI BA TA SAYARWA BA CE

Duk wanda ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Ikko da garuruwan Arewa ya san wata al'ada ta direbobi. Direban da motarsa ta lalace a hanya, ko wanda ya bar tasa a gareji zai je ganin gida, idan ya zo tasha ba a cika karɓar kuɗin mota a hannunsa ba. Ɗan'uwansa zai matsa masa wuri a gaba, su tafi suna hira, in gyangyaɗi ya fara ɗaukar mai tuƙi ga wanda zai taɓa shi. Matuƙan jiragen sama na ƙasar Amurka su ma suna da irin wannan al'ada, sai dai tasu a rubuce take, da dokokinta da sharuɗɗanta, kuma sau da yawa an ga rayukan mutane sun rataya a kanta.

A ɗakin tuƙi na kowane babban jirgin fasinja, bayan kujerar kyaftin da ta mataimakinsa, akwai wata ƙaramar kujera da ake naɗewa a jingine da bango, wasu jiragen ma guda biyu. Asali an yi ta ne domin sufeton hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, watau FAA, da kuma manyan matuƙa masu jarraba 'yan'uwansu. Amma yawancin lokaci babu kowa a kanta. Saboda haka kamfanoni suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu ta ba ni in ba ka: matuƙin wannan kamfani yana iya hawa jirgin wancan kyauta, a kan wannan kujera, ko a cikin fasinjoji in akwai wurin da ba a sayar ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa matuƙin jirgi zai nemi a rage masa hanya? Dalili shi ne da yawa daga cikinsu ba sa zaune a garin da tashar aikinsu take. Tun da aka sakar wa kamfanonin jirage mara a shekarar 1978, gwamnati ta daina tsara musu hanyoyi da farashi, sai ya zama kamfani ya buɗe tasha a wannan gari bana, baɗi ya rufe ta, ko wani ya haɗiye shi. Ga shi kuwa komai na matuƙi a Amurka bisa daɗewarsa a kamfani yake tafiya: jirgin da zai tuƙa, da ranakun hutunsa, da garin da za a ajiye shi. Sabon shiga shi ake turawa inda kowa ke gudu, kamar New York mai tsadar haya. In ya ce zai sauya kamfani, sai ya koma ƙarshen layi, ko da ya shekara 20 yana tuƙi. To, mutum ba zai riƙa kwasar iyali da cire yara daga makaranta duk lokacin da aka sauya masa tasha ba. Sai ya bar su a gida, shi ya riƙa zuwa aiki ta sama, ya kama gado a wani ɗaki na haɗaka kusa da filin jirgi, inda matuƙa da ma'aikatan jirgi da yawa ke kwana a gadaje masu hawa biyu. Mazauna Agege da Sabon Badun ba sa bukatar a yi musu dogon bayanin irin wannan zama.

Wannan kujera ba haka kawai ake hawanta ba. Mai nema zai nuna katin aikinsa da lasisinsa da takardar shaidar lafiyarsa, ya yi shiga ta mutunci, sa'an nan ya je da kansa ya gai da kyaftin ya nemi izini. Kyaftin yana da ikon ya ce a'a. Idan masu nema sun yi yawa, sufeton hukuma ne a gaba, sai matuƙan kamfanin mai jirgi, sa'an nan na wasu kamfanoni. Wanda aka ɗauka kuwa ana lissafa shi cikin ma'aikatan jirgin: ba ya shan barasa, ba ya surutu muddin jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000, kuma ana sa ran in ya ga wani abu ba daidai ba zai yi magana. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, an hana matuƙan wasu kamfanoni shiga ɗakin tuƙi gaba ɗaya, har sai da aka kafa wani tsari na kwamfuta mai suna CASS, wanda ma'aikacin bakin ƙofa zai duba ya ga hoton mutum, ya tabbatar har yanzu yana kan aiki. Babbar ƙungiyar matuƙa, ALPA, wadda aka kafa a 1931, tana cikin waɗanda suka tsaya har aka mayar da wannan dama.

Maganar kuɗi kuwa ga inda ta taso. Zamanin da komai na jirgi yake cikin tikiti ya wuce. A 2008 kamfanin American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan akwati na farko, sauran suka bi sahu, yau kuma har zaɓen wurin zama ana biya. Akawun da ya saba sa farashi a kan akwati da kujerar bakin taga, in ya ga ma'aikacin abokin gasarsa ya shiga jirgi bai ba da ko sisi ba, ba abin mamaki ba ne ya tambayi dalili. Yana da hujjoji: akwai ɗawainiyar rajista, akwai nauyi da ke cin mai, kuma a Turai da sauran wurare ma'aikaci yakan sayi tikitin rangwame ne ya jira in an sami wuri. Har ila yau albashin matuƙan ƙananan kamfanoni ya ƙaru ƙwarai daga 2022, saboda haka ana iya cewa ai yanzu ba za su rasa abin biya ba.

Waɗannan hujjoji ba su isa ba. Da farko dai kujerar ɗakin tuƙi ba a sayar wa fasinja ita, doka ta hana, saboda haka babu cinikin da aka rasa. Ta cikin fasinjoji ma sai wadda ta yi saura bayan an gama kiran masu tikiti. Harajin gwamnati da ake biya a tafiyar ƙasashen waje daban yake, wannan ba aljihun kamfani yake shiga ba, ba kuma wanda ke jayayya a kansa. Na biyu, yarjejeniyar ta ba ni in ba ka ce. Ranar da kamfani ɗaya ya sa kuɗi, sauran za su rama a kan matuƙansa, kuma jirginsa ne zai zauna a ƙasa da asuba domin mataimakin kyaftin ya maƙale a wani gari. Soke tashi ɗaya ya fi ƙarfin abin da za a tara daga ɗaruruwan masu neman ragin hanya.

Amma babban dalili shi ne abin da kuɗi ke yi wa matsayin mutum. Wanda ya biya ya zama fasinja, yana da haƙƙin ya zauna ya rufe ido. Wanda aka ɗauka a matsayin ɗan'uwa a sana'a ya san da bashi a wuyansa, kuma da idonsa da kunnensa yake biya. Ran 28 ga Oktoba, 2018, wani jirgin Lion Air ƙirar Boeing 737 MAX ya tashi daga Bali zuwa Jakarta a ƙasar Indonesiya, sai wata na'ura ta riƙa danna hancinsa ƙasa. A kujerar baƙo akwai wani matuƙi na kamfanin Batik Air da ba ya bakin aiki, kuma rahotanni sun nuna shi ya lura da abin da ke faruwa har aka kashe makunnin da ke sarrafa na'urar, jirgi ya sauka lafiya. Kashegari wannan jirgi dai ya tashi da wasu matuƙa biyu, babu na uku, matsalar ta dawo, ya faɗa teku da mutum 189. Tun kafin nan, a 1989, an ga yadda Dennis Fitch, malamin matuƙa da ke zaune cikin fasinjoji a jirgin United mai lamba 232, ya shiga ɗakin tuƙi ya riƙe maƙunsar injina bayan duk na'urorin juya jirgin sun mutu. Mutum 296 ne a ciki, fiye da 180 suka tsira a Sioux City.

Gaskiya ne kujerar tana da nata haɗari, ba kuma za a ɓoye ba. A 1994 wani ma'aikacin FedEx da ya nemi ragin hanya daga Memphis ya far wa matuƙa uku da guduma, da ƙyar suka rinjaye shi suka sauke jirgin. A Oktoban 2023 wani matuƙin Alaska Airlines da ke kujerar baƙo a jirgin Horizon Air ya kai hannu zai kashe injina, aka danne shi, aka karkata zuwa Portland. Sai dai duk su biyun 'yan gida ne, na farko ma'aikacin kamfanin ne, na biyu na kamfanin da ke uwa ɗaya da mai jirgin, kuma babu farashin da zai hana ɗayansu hawa. Abin da ke maganin irin wannan shi ne tantancewa, da kula da lafiyar ƙwaƙwalwar matuƙa, da barin kyaftin da ikonsa na duban mutum ya ce yau ba za ka shiga ba. Rasit a hannun mai nema rage wannan iko yake yi, domin wanda aka karɓi kuɗinsa da wuya a juya shi ba tare da rigima ba.

Akwai kuma wani gefe da matuƙan da kansu ba su cika son a taɓo ba. Ran 12 ga Fabrairu, 2009, jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu, ɗaya daga cikinsu yana cikin gidansa. Mataimakiyar kyaftin 'yar shekara 24 ce, albashinta kimanin dala 16,000 a shekara, tana zaune wajen Seattle, tashar aikinta kuwa Newark, tazarar mil 2,400, watau fiye da ninki uku na tafiyar Ikko zuwa Kano. A daren da ya gabata ta kwana ne a hanya, cikin jiragen kaya na FedEx, ta sauya jirgi a Memphis. Kyaftin ɗin shi ma daga Florida yake zuwa. Masu bincike sun gano cewa cikin matuƙa 137 na kamfanin a Newark, 93 daga wasu garuruwa suke zuwa aiki. Sun ɗora laifin haɗarin a kan yadda kyaftin ya ja jirgin sama a lokacin da ya kamata ya saki hancinsa, amma sun ce da alama gajiya ta taɓa su duka biyu.

Wani zai ce to ashe kujerar kyauta ce ta jawo, da akwai kuɗi da ba ta yi wannan doguwar tafiya ba. Wannan juya magana ne. Mai albashin dala 16,000 ba za ta iya hayar gida a Newark ba ko an sa kuɗi ko ba a sa ba. Abin da kuɗin zai cinye shi ne na ɗakin otal da za ta kwanta ta yi barci kafin aiki. Abin da haɗarin ya tona shi ne cewa kamfanoni sun daɗe suna cin moriyar wannan kujera fiye da matuƙa. Ita ce ta ba su damar ajiye ma'aikata a gari mai tsada da albashin da bai kai ba, suna rufe tasha ba tare da sun damu da inda iyalin mutum suke ba. Kamfanin da ya ci wannan riba shekara da shekaru, in ya dawo yana neman a biya shi kuɗin kujera, ya ci biyu ke nan.

Bayan haɗarin majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 2010, aka ɗaga sa'o'in gwanancewa da ake nema ga sabon matuƙi zuwa 1,500, sababbin ƙa'idojin hutu kuma suka fara aiki a Janairun 2014, inda aka wajabta hutun sa'a 10 kafin kama aiki. Amma tafiyar da mutum ya yi daga gida zuwa tasha ba a lissafa ta cikin lokacin aiki, sai dai ya sa hannu cewa yana da ƙarfin tuƙi, kuma ƙa'idojin ba su hau kan kamfanonin jiragen kaya ba. A nan gyara yake. Kamfanonin da suka rubuta a yarjejeniyarsu da ƙungiya cewa ba za a hukunta matuƙin da ya gwada jirage biyu bai sami wuri ba sun kama hanya, ya kamata sauran su bi. Haka kuma idan kamfani ne ya rufe tasha, shi ya kamata ya ba ma'aikacin tabbataccen tikiti da ɗakin kwana a daren da zai kama aiki, ya sa kuɗin cikin lissafin rufe tashar tun kafin ya yanke shawara.